Makarantar da Ake Kira a Lasifika

A danginmu ba a tambayar yaro me yake karantawa. Ina yake karantawa ake tambaya, in ya faɗa kuma an gama da shi, ko dai a yi masa kabbara ko a ce Allah ya taimaka. A taron zumunci na koyi wannan, taron da muke yi kowace shekara cikin kwanakin babbar Sallah, bana a Gwarzo wajenmu, baɗi a Kabo wajen Baffa, yayan mahaifinmu. Kakanmu da shanu ya zo ƙasar nan ya zauna a gefen Getso. 'Ya'yansa suka koma noma da awon hatsi, jikoki kuma aka ce sai boko. Shanun sun ragu, amma halin nuna garke yana nan. A da bijimai ake nuna wa baƙo, yanzu mu ake jerawa.

Ana kafa kanofi a filin firamare, a ɗauko hayar kujeru da lasifika. In an yi addu'a an ci shinkafa, sai Baffa ya karɓi abin magana ya fara kiran ɗalibai ɗaya bayan ɗaya. Yaro ya miƙe, a faɗi ɗan wane ne, a faɗi makarantarsa. Akwai wata tsohuwar jami'a mai suna a wata jiha, tafiyar yini guda daga wajenmu, wadda ɗan Baffa na fari ya gama. Duk wanda yake can, kujerarsa mai katifa ce, a sahun gaba, kafaɗa da kafaɗa da dattawa. Sauranmu muna baya a kan roba. A ƙarshe kuma sai a miƙa wa babban ɗalibin waccan jami'a lasifika ya yi wa waɗanda suka gama sakandare nasiha. Abin da ya faɗa shi ne hukunci, domin iyaye da shi suke komawa gida.

Ni 'yar roba ce. Wata ƙaramar jami'a na yi, sabuwa, wadda in ka fita daga Gwarzo da hantsi za ka yi azahar a cikinta. In Baffa ya zo kan sunanta sai ya janye lasifikar daga bakinsa kamar mai shirin tari. An bar ni na je can ne don ni mace ce, ba wanda ya damu da sunan da zan kawo. Kuma wallahi na ji daɗinta. Gine-ginen ko fenti ba a gama yi musu ba, da damina da takalmin roba muke zuwa aji, wata rana har akuya ta shigo mana lacca ta tsaya tana kallon malam. Amma malaman sun san mu da suna. In ka yi kwana biyu ba ka zo ba sai a aiko a ji ko lafiya. Famfo yana kawo ruwa, ɗakin kwana mutum yana samun wurin shimfiɗa sallaya. Na sha faɗin wannan a gida, sai a ce da ni ai dole in yaba, tunda ban san wata ba.

Ƙanena shi ne autanmu, kuma shi kaɗai ne namijin da ya yi nisa a karatu a ɗakin Inna. Tun yana firamare dabbobi suka san shi. In tunkiyar maƙwabta ta kasa haihuwa shi ake kira, ya naɗe hannun riga ya durƙusa yana yi mata magana ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin amarya. Sau ɗaya ya kawo mini ziyara makaranta da ƙullin dambu daga Inna. Ko ɗakinmu bai tsaya gani ba, ya gano gonar makarantar inda ɗaliban kiwo suke da shanunsu, ya yini a can har suka bar shi ya riƙe maraƙi ana yi masa allura. Da zan raka shi tasha bakinsa bai rufu ba. Ya ce shi dai ya ga wurin zamansa.

Da ya gama sakandare makinsa ya yi kyau, kyan da ya zame masa masifa. Ƙaramar jami'ar za ta ba shi abin da yake so, lafiyar dabbobi. Babbar ma ta ce za ta ɗauke shi, amma gurbin da ya nema ya cika, sai dai lissafi. Shi da lissafi kuwa ba sa ga-maciji, da ƙyar da addu'a ya tsallake shi a jarrabawa.

Ranar da aka yanke maganar ina nan. Baba yana zaune a zaure yana gyara bakin buhun wake, ƙanena ya durƙusa ya yi bayani tiryan-tiryan, abin tausayi, har da cewa zai riƙa zuwa gida duk ƙarshen mako ya duba shanun da suka rage. Ni ma na sa baki, na ce a tambayi yaran da suke can babbar, a ji yadda suke kwana bisa juna, yadda aji ɗaya yake cika har wasu su tsaya a taga. Baba bai ko kalle ni ba. Ya ƙulle igiyarsa, sannan ya ɗago ya dubi ƙanena.

"Kakanka ya bi bayan saniya, ni na bi. Kai ma sai ka je jami'a ka bi bayan saniya?" in ji shi.

Ƙanena ya ce ai lissafi aka ba shi, kuma shi ba ya ganewa.

Baba ya ce, "A lasifika ana faɗin kwas ne?"

Shi ke nan maganar. Na san abin da yake cin Baba. Shekara da shekaru yana zaune a gefen yayansa yana jin ana yi wa ɗan Baffa kabbara, shi kuwa abin da yake da shi a fili ni ce, a kan roba. Na san wannan, amma sanin bai rage mini haushinsa ba, har yau.

Sallar da ta biyo baya aka kira ƙanena a sahun gaba, cikin sabuwar shadda da Baba ya ɗinka masa. Da aka faɗi sunan makarantar filin ya ɗauki kabbara. Baba ya sunkuyar da kai wai shi mai tawali'u, amma daga bayan kanofi ina hango kunnuwansa suna motsi don daɗi. Yaron kuwa ya rame, wuyan rigar yana yawo a jikinsa. Mata suka ce ai haka karatun gaske yake cin mutum, suka waiwayo suka dubi kumatuna.

A waya yakan gaya mini gaskiya, kaɗan-kaɗan. Malami yana can gaba kamar tsinke, ba ya jin abin da yake faɗa, in ya ji ma ba ya ganewa. Ba wanda ya san sunansa, lamba ce da shi. Ya faɗi kwasa-kwasai a shekarar farko aka ce ya maimaita su, ya haɗa da na shekara ta biyu suka taru suka danne shi. Ya roƙi Baba a bar shi ya dawo ya fara daga farko a ƙaramar, Baba ya ce ya ƙara ƙoƙari, ya kashe waya.

Ina gida wankan jegon ɗana na fari, sai ƙanena ya dawo. Da rana tsaka ne, cikin damina, gari ya watse gona. Inna tana madafa tana dama mini kunun kanwa, ni kuma na fito shanya kayan jariri kusa da ƙofar zaure, sai na ji sallamarsa. Na leƙa ta jikin ƙyaure. Yana tsaye da jaka a kafaɗa da bokiti a hannu, katifarsa a naɗe a ƙasa. Baba yana kan buzu da kwanon fura a gabansa.

"Baba, sun kore ni," in ji shi.

Na zaci Baba zai yi faɗa, ko ya yi salati, ko ya mare shi. Da ma marin ya yi. Sai ya ajiye ludayi a hankali ya ce, "Daga tasha zuwa nan wa ya gan ka?"

Ƙanena ya ce ba kowa, sai wani mai faci.

Baba ya tashi ya fito da babur. Ya ɗaure katifar a baya da kansa, ya ce ya hau. Yaron ya ce a bar shi ya shiga ya gaida Inna, ko ruwa ya sha. Baba ya ce ya hau. Ta bayan gari suka bi, ta cikin gonakin dawa, har titi can wajen gari inda ba wanda zai san su, ya tsayar masa da mota ya mayar da shi inda ya fito. Tsakanin inda ya tsaya da inda Inna take dama kunu katanga ɗaya ce.

Da Baba ya dawo ya same ni a inda ya bar ni, da rigar jariri a hannu. Ya san na ji. Ya ce in maganar nan ta fita daga bakina, ga Inna ko ga mijina ko ga kowa, bai yafe mini ba duniya da lahira. Wanda bai tashi a gida irin namu ba zai ce ai magana ce kawai. Ni na san nauyinta, kuma ta ɗaure ni. Da yamma Inna tana gasa wa jariri cibi, ba ta ɗago ba ta ce, "Na ji muryarsa." Na ci gaba da ninke kayan jariri. Washegari ta daka yaji ta soya gyaɗa ta ba wani direban tasha, ta ce a kai wa ɗalibi.

Dabarar Baba ita ce wannan. Yana da wani abokin cinikin hatsi a garin da jami'ar take, wanda ɗansa yake da shagon hoton takardu daidai tsallaken babbar ƙofar makarantar. Can ya ajiye ƙanena. Zai zauna har 'yan ajinsu su gama, sannan a san ƙaryar da za a yi ta gaba. Da yake malaman jami'a ba sa rabo da yajin aiki, ba wanda yake iya lissafa shekarar da yaro ya kamata ya gama, sai ƙaryar ta samu wurin miƙe ƙafa. Yaron da aka kora daga aji shi ne yake tsaye daga safe zuwa yamma yana buga wa 'yan ajinsu takardun lacca, suna miƙo masa suna ce masa ya yi sauri za su makara. In an yi hutu shi ma ya yi hutu, ya hau mota tare da su ya dawo Gwarzo da jaka.

Kowace Sallah kuma Baba ya ɗinka masa sabuwar shadda. A kira shi, ya miƙe, a faɗi sunan makarantar, a yi kabbara, Baba ya sunkuyar da kai. Ina baya ina kallonsu su biyu. A gida kuwa Baba ba ya yi masa magana sai in da baƙo.

A hankali yaron ya canza. Ya daina kirana a waya, in na kira sai ya ce yana aji, ni da na san komai yake gaya wa haka, kuma ba da wasa ba. Ya koyi tafiyar 'yan sahun gaba, ya koyi sa Turanci a tsakiyar gaisuwa. Wani hutu maƙwabcinmu ya shigo a guje tunkiyarsa tana naƙuda tun safe, ƙanena ya dubi hannayensa ya ce shi ya bar wannan harkar. Tunkiyar ta mutu da ɗan a ciki. Ko a jikinsa. A ranar na ji tsoronsa, ni da na goya shi.

Muna da Goggo a Kabo, ƙanwar su Baba, mijinta ya rasu ya bar ta da 'yan mata da ɗa namiji guda. Taubashina ne, tun yana ƙarami nake tsokanarsa ina ce masa bawana, shi kuma ya ce ni ce baiwar. Yaro ne mai sanyi, shi ya yi jinyar mahaifinsa har ya cika, daga nan kuma ya ƙudurta aikin jinya zai karanta. Da ya gama sakandare sai abin da ya faru da ƙanena ya sake faruwa da shi, kamar an kwafa. Ƙaramar jami'ar za ta ba shi jinya. Babbar ta ce jinya ta cika, amma ga ilimin duwatsu. Ya zo har gidana, da yake aure ya kawo ni Kabo, yana dariyar da ba ta kai ciki ba, yana cewa wai shi da dutse me ya haɗa su in ban da na niƙa.

Na je na sami Goggo. Na faɗa mata duk abin da zan iya faɗa ba tare da na taka maganar Baba ba. Na ce ta bar yaro ya je inda za a ba shi abin da yake so, inda in ya yi zazzaɓi za ta ji a ranar. Ta saurare ni tana tsince shinkafa, sannan ta ce ta ji, amma ni ai dole in ja ruwa zuwa gonata. Za ta jira taro ta ji daga bakin wanda yake cikin babbar. A shekarar kuwa babban ɗalibin waccan jami'a a danginmu, wanda za a miƙa wa lasifika, ƙanena ne.

Taron a Kabo ya faɗo. Da safe na ja ƙanena bayan rumbun gidan Baffa, inda aka shanya fatun layya. Na ce da shi Baba bakina ya ɗaure, bai ɗaure nasa ba. Na ce ba sai ya tona kansa ba ma in ba ya so. Ya ce kawai a tambayi yaro me aka ba shi kafin a tambayi ina, ya ce suna ba ya zama da mutum a aji. Kalma biyu daga bakinsa ta ishi Goggo. Na ce in kuma ya ga zai iya faɗin duka, ya faɗa, a yi tashin hankalin yini ɗaya a gama, ya dawo gida ya fara daga farko, shekarunsa ba su wuce ba. Har kuka na yi masa. Yana tsaye yana kaɗe ƙuda daga hannun shaddarsa, ya ce to. Na yarda da shi, don ina so in yarda.

Da aka gama kiran ɗalibai Baffa ya miƙa masa abin magana. Ya miƙe ya yi sallama, ya gaida iyaye sahu-sahu, muryarsa ko rawa ba ta yi. Ban taɓa sanin ya iya magana haka ba. Ya kwatanta musu babbar ƙofar makarantar, tsayinta da faɗinta da yadda motoci suke shiga da safe, kuma wa ya fi shi sanin ƙofar nan? Ya ce duk wanda ya shiga ta ya fito, ko'ina ya je a ƙasar nan sai an miƙe masa. Ya ce kwas ba komai ba ne, ko sharar aji aka ba ka a can ka karɓa. Ya ce wahalar da ake faɗa ta raggaye ce.

Sannan ya juyo wajen ɗan Goggo, ya kira shi da bawansa, irin wasan taubasai, aka yi dariya. Ya ce ya ji wai ana zuga shi ya tafi wata makaranta inda awaki suke shiga lacca, in malam ya yi tambaya su riga ɗalibai amsawa. Filin ya kece da dariya, har da masu buga cinya. Labarina ne, ni na ba shi da bakina muna cin dambu a ɗakin Inna. Mata suka juyo gaba ɗaya suna kallona. Aka yi kabbara, aka sake yi. Na ga Baba ya miƙa hannu ya dafa kafaɗarsa da ya zauna, abin da rabonsa da yi tun ranar babur. Ɗan Goggo yana can gefe cikin waɗanda suka gama sakandare, yana murmushi irin na wanda aka gama da shi.

Da aka tashi na sami ƙanena a bakin famfon firamaren yana wanke maiƙon nama. Raina ya ɓaci har ba na gani sosai. Na tambaye shi me yaron nan ya yi masa, maraya, ɗa ɗaya tilo a wajen uwarsa.

Bai ɗaga murya ba. Ya yarfe hannu ya ce, "Yaya, kin taɓa tsayawa a bakin ƙofa kina kallon masu shiga?"

Na ce shi ya sa ai bai kamata ya tura wani ba.

Ya ce, "Ni wa ya hana a tura ni? Ya je ya ɗanɗana. In ya ci, Allah ya ba shi. In ya faɗi, shagon yana da faɗi, na samu abokin hira."

Muna tsaye sai ga Goggo ta taho da ayarin mata, tana jan ɗanta a hannu, fuskarta kamar an yi mata albishir da Makka. Ta kama hannun ƙanena da hannu biyu, ta ce ya cire mata ƙaya, da saura kaɗan a ruɗe ta. Ta ce ga ƙaninsa nan amana, ya riƙe shi a can, ya nuna masa duk hanyar da ya bi. Sannan ta ɗaga hannu, matan suka ɗaga, ta roƙi Allah ya sa ɗanta ya bi sahun yayansa taku bayan taku, inda ya sa ƙafa shi ma ya sa, inda ya kai shi ma ya kai. Ƙanena ya ce amin a fili, ya shafa har gemu.

Ni hannuwana suna cikin hijabi, na kasa fito da su. Goggo ta lura. Ta dube ni sama da ƙasa, ta juya ga matan ta ce su gani, abin da ake koyarwa a ƙananan makarantun ke nan, mutum ya yi baƙin ciki har da ɗan uwansa ciki ɗaya. Suka yi dariya. Ƙanena ma ya yi.